Matoshin Shaf: Ƙaramin Zoben Da Ke Tsare Jirgi Da Gona

Gabatarwa

Da zarar damina ta ɗauke, kaka ta wuce, sanyin hunturu ya fara sauka, duk wanda ya bi gefen Gulbin Sakkwato daga Gusau zuwa Bunguɗu zai ji ƙarar injunan ban ruwa tana tashi daga fadamu tun da sassafe. Haka abin yake a fadamun ƙasar Tsafe, inda ake jawo ruwa daga rafuka da rijiyoyin da aka haƙa a cikin gonaki. Tumatir, da albasa, da tattasai, da latas da ake gani a kasuwanni lokacin rani, da yawansu da ruwan waɗannan injuna suka rayu.

A cikin kowane ɗaya daga cikin injunan akwai wani ɗan zobe da bai kai faɗin bakin kofin shayi ba. Makanikai suna kiran sa sil, wato matoshi. Manomi yana iya shekara da injinsa bai taɓa ganin sa ba, amma ranar da ya lalace aiki ya tsaya. Irin wannan matoshi ne kuma yake hana ruwa shiga jirgin ruwan da injinsa ke cikin cikinsa, ta ramin da sandar farfela ta fita. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda matoshin ke aiki, da abin da ke kashe shi, da yadda ake kula da shi da gyara shi, a jirgin ruwa da kuma a injin ban ruwa.

Tushen Matsalar

Jiragen ruwa masu inji iri biyu ne. Akwai waɗanda ake rataya wa inji a baya, kamar kwale-kwalen da ake gani a Yawuri da sauran garuruwan bakin Kogin Kwara. Akwai kuma waɗanda injinsu ke zaune a cikin jirgin, kamar manyan jiragen fito da na dakon kaya a Lokoja, da Fatakwal, da Ikko. A irin na biyun, inji yana ciki a busasshen wuri, farfela kuwa tana waje a ƙarƙashin ruwa. Abin da ya haɗa su shi ne wata doguwar sandar ƙarfe da ake kira shaf. Dole ne ke nan a huda jikin jirgi, a ƙasa da inda ruwa ya tsaya, domin sandar ta wuce.

A nan matsalar take. Idan ramin ya matse sandar, ba za ta juya ba. Idan kuma an bar mata sarari, ruwa ya sami hanya, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa yana da nauyi, kuma matsinsa yana ƙaruwa da zurfi. A zurfin mita ɗaya, kowane murabba'in santimita na jikin jirgi yana ɗauke da matsin da ya kai nauyin giram 100. Ramin da faɗinsa bai wuce inci ɗaya ba, idan yana rabin mita a ƙarƙashin ruwa, zai shigo da kusan lita 55 a cikin minti ɗaya, wato kusan jarka uku mai lita 20. A cikin awa ɗaya ruwan da ya shiga ya haura tan uku. Ƙaramin jirgi ba ya jure wannan.

Injin ban ruwa yana da matsala iri ɗaya, sai dai a juye. A nan ruwan ne yake cikin tukunyar famfo tare da fankar da ke tura shi, inji kuma yana waje. Sandar injin ce ta shiga tukunyar ta riƙe fankar. A jirgi ana hana ruwa shigowa, a famfo ana hana shi fita, ana kuma hana iska shiga.

Taƙaitaccen Tarihi

Jiragen tururi na farko suna tafiya ne da manyan ƙafafun tuƙi a gefensu, waɗanda sandarsu take sama da ruwa, saboda haka ba su da wannan damuwa. A ƙarshen shekarun 1830 Francis Pettit Smith, mutumin Ingila, da John Ericsson, mutumin Suwidin, suka nuna cewa farfela ta fi amfani. A 1843 aka saka jirgin Great Britain a ruwa, wanda injiniya Brunel ya tsara, shi ne babban jirgin ƙarfe mai farfela na farko da ya ƙetare Tekun Atilantika. Amma nan da nan aka ga cewa mazaunin sandar yana cinyewa da sauri, sandar ta riƙa kaɗawa, ruwa ya riƙa kwarara ciki.

Maganin farko daga daji ya fito. A 1854 wani injiniya mai suna John Penn ya shimfiɗa mazaunin sandar da itacen wata bishiya ta tsibiran Karebiyan da ake kira lignum vitae. Itacen yana da nauyin da yake nitsewa a ruwa, kuma akwai wani ƙaro mai maiƙo a cikinsa da ke sa shi santsi idan ya jiƙe. An yi fiye da shekara ɗari ana amfani da shi a jiragen ruwa. Daga baya aka sami roba da sauran kayan zamani. A 1929 Walther Simmer ya ƙera matoshin mai leɓe a Jamus, wanda shi ne kakan oyil sil da kowane makanike ya sani a yau.

Ire-iren Matoshi Guda Uku

Na farko shi ne matoshin cushe, wanda ya fi sauran tsufa. Akwai wani gida na tagulla da ya kewaye sandar. A cikinsa ake cusa zobba na saƙaƙƙiyar igiya wadda aka jiƙa da kakiɗe ko kakin zuma, sannan a ɗaure da babban noti. Idan an ɗaure notin, igiyar ta matse, ta bazu, ta rungumi sandar. A da ana saƙa igiyar ne da zaren wani tsiro mai kama da rama. Yanzu ana yin ta da Teflon ko da baƙin kabon irin na cikin fensir. Makanikai suna kiran ta fakin. Hikimar ba ta da nisa da ta masunta, waɗanda ke cusa tsumma ko auduga a tsagar kwale-kwale, sai dai tsagar kwale-kwale ba ta juyawa.

Na biyu shi ne mai leɓe. Zobe ne na roba mai siririn baki, da wani ɗan sifirin da ya zagaye shi yana danna bakin a jikin sandar. Shi ake samu a injin mota, da babur, da kuma gidan giyar injin kwale-kwale, daf da farfela.

Na uku shi ne mai fuska biyu. Zobba biyu ne da aka goge fuskarsu ta yi sumul fiye da madubi. Ɗaya na kabon ne, ɗaya kuma na tangaran mai tauri ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ɗaya yana juyawa tare da sandar, ɗaya yana tsaye, sifirin kuma yana haɗa fuskokinsu. Shi ne a cikin kusan dukkan ƙananan injunan ban ruwa, kuma jiragen ruwa da yawa na zamani sun koma kansa.

Abin mamaki game da ukun nan shi ne, babu wanda yake toshe ruwa ƙaf. Kowanne yana barin ɗan ruwa ko ɗan mai ya ratsa, kuma wannan ɗan abin shi ne rayuwarsa. Matoshin cushe yana ɗiga a fili. Mai fuska biyu kuwa yana riƙe da wani shafin ruwa tsakanin fuskokinsa wanda kaurinsa bai wuce maikuron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Don a gane ƙanƙantar wannan, jar ƙwayar jinin mutum tana da faɗin maikuron 7 zuwa 8, gashin kai kuma kusan 70. Ruwan da ya ratsa yakan zama tururi kafin ido ya gan shi.

Dalilin buƙatar ruwan shi ne gogayya. Duk abu biyu da suka gogi juna sukan haifar da zafi, kamar yadda mutum kan murza tafin hannunsa lokacin sanyi. Ƙaramin injin fetur yana juyawa har sau 3,600 a minti, wato sau 60 a daƙiƙa. Idan faɗin zoben santimita 2 ne, fuskarsa tana gudun kusan mita 4 a daƙiƙa. A aikin awa biyar, ta shafe fiye da kilomita 60 tana goga a kan 'yar'uwarta, nisan da ya zarce na Gusau zuwa Tsafe. Ba abin da zai jure wannan tafiya a bushe.

Darasi Daga Jikin Halittu

Ɗalibin ilimin halittu zai ga cewa wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce. A gwiwar mutum, ƙasusuwa ba sa taɓa juna kai tsaye. Bakin kowanne yana lulluɓe da guringuntsi, tsakaninsu kuma akwai wani ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai, duka a cikin jaka da ke hana shi tsiyayewa. Santsin lafiyayyar gaɓa ya fi na mafi yawan boris da ɗan Adam ya ƙera. Idan guringuntsin ya cinye, sai ciwon gaɓɓai ya kama, ƙashi ya riƙa gogar ƙashi. Haka fatar ido take zamewa a kan shafin hawaye, haka kuma huhu yake zamewa a cikin ƙirji a kan ɗan ruwan da ke tsakanin tantani biyu.

Akwai kuma wata tambaya da ta daɗe tana jan hankalin masana: me ya sa babu kifi mai farfela, babu dabba mai taya? Ɗaya daga cikin amsoshin ita ce, gaɓar da za ta yi ta juyawa ba iyaka dole ta rabu da sauran jiki, jijiyoyin jini da na ji kuwa ba za su iya ƙetare wannan rabuwa ba tare da sun murɗe sun tsinke ba. Saboda haka kifi yake kaɗa wutsiya dama da hagu, fatarsa a rufe ba rami.

Sai dai a duniyar ƙananan halittu an sami farfela ta gaskiya. A 1973 Howard Berg da Robert Anderson suka kawo hujjar cewa siririyar wutsiyar bakteriya juyawa take yi, ba kaɗawa ba, a 1974 kuma gwaji ya tabbatar da haka. Sandar wutsiyar tana ratsa bangon ƙwayar halittar ta cikin wasu zobba na furotin da ke zame mata mazauni. A bakteriyar E. coli da ke cikin hanjin mutum, tana juyawa fiye da sau 100 a daƙiƙa, wato ta fi injin ban ruwa sauri.

Kula Da Matoshin Jirgi Da Gyaransa

A jirgi mai matoshin cushe, aikin farko na matuƙi shi ne ƙidayar ɗigo. Idan sanda tana juyawa, ana son a ga ɗigo biyu zuwa uku a minti. Idan jirgi yana tsaye, ɗigon ya tsaya ko ya kusa tsayawa. Ɗigo 20 ne suke yin mililita ɗaya, saboda haka ɗigo uku a minti bai kai cikin cokalin cin abinci ba a awa guda. Amma idan ya kai ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa, ya haura lita 4 a kwana ɗaya, kuma kullum ƙaruwa yake yi, da yayyafi kogi kan cika.

Aiki na biyu shi ne taɓawa. Bayan jirgi ya yi tafiya, a tsayar da inji, a ɗora hannu a kan gidan tagullar. Ɗumi ba laifi ba ne. Idan kuwa ya yi zafin da hannu ba ya iya zama, an matse notin fiye da kima. Kuskuren da aka fi yi ke nan: mutum ya ga ɗigo ya ɗauka ɓarna ce, ya sa sifana ya ɗaure tamau. Igiyar sai ta bushe, ta ƙone, ta yi tauri, ta sassaƙa rami a jikin sandar. Sandar da ta yi rami kuwa ko an sa sabon fakin ba za ta riƙe ruwa ba, sai an sake ta ko an kai ta wurin masu dalaye ƙarfe. Ƙa'ida ita ce a ɗaure kaɗan kaɗan, a gwada, a sake ƙidaya.

Idan noti ya kai ƙarshe ɗigo bai ragu ba, lokacin sake fakin ya yi. An fi son a yi aikin bayan an fitar da jirgi tudu. Za a kwance ƙaramin notin kulle, a janye babban, a zaƙulo tsohuwar igiya duka da ƙugiya, ana kiyaye kada a karce sandar. Sai a duba sandar da ido da kuma farce. Sabuwar igiya ba a naɗa ta kamar rawani. Ana yanka ta zobe zobe daidai kewayen sandar, galibi guda uku, a sa su ɗaya bayan ɗaya, a karkasa mahaɗarsu ta yadda ba za su yi layi ɗaya ba. A ɗaure da hannu kawai, a mayar da jirgi ruwa, sannan a daidaita ɗigon a hankali cikin tafiyoyin farko.

Wajibi ne kuma a duba guntun tiyon da ya haɗa gidan tagullar da jikin jirgi, da maɗauransa na ƙarfe. Fakin idan ya tsufa ɗiga yake yi, ya ba da lokaci. Tiyo idan ya fashe, ruwa kwarara yake yi. Haka ma a jirgi mai matoshi mai fuska biyu, robar da ke danna fuskokin ita ce abin tsoro, shi ya sa wasu masu ƙera ta suke cewa a sake ta duk shekara shida ko da ba ta nuna alamar lalacewa ba. Bayan an mayar da irin wannan jirgi ruwa, dole a fitar da iskar da ta maƙale a bayan matoshin, in ba haka ba fuskokin za su yi aiki a bushe. Daɗin daɗawa, idan sanda ta tanƙware, ko inji bai zauna daidai da ita ba, ko mazauninta ya cinye, duk matoshin da aka sa ba zai daɗe ba.

Masu injin rataye, kamar masuntan manyan madatsun ruwa, babban maƙiyinsu shi ne zaren kamun kifi na roba. Yakan naɗe a bayan farfela, ya kutsa ya yanke leɓen matoshi. Ruwa ya shiga gidan giya, man giya ya koma fari kamar madara, haƙoran giya su cinye. Cire farfela lokaci lokaci a warware zaren ba ya cin ko kwabo.

Injin Ban Ruwa A Fadamun Zamfara

Kafin zuwan inji, da jigo da guga ake ban ruwa a lambunan ƙasar Hausa, kuma ƙarfin mutum ne yake iyakance faɗin lambu. A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe ayyukan bunƙasa noma na farko da tallafin Bankin Duniya a Funtuwa, da Gusau, da Gombe. A 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara. Ƙananan injunan fetur sun fara yaɗuwa a shekarun 1980, sannan Shirin Fadama na Ƙasa, wanda ya fara aiki a farkon shekarun 1990, ya ƙara yaɗa su tare da rijiyoyin bututu marasa zurfi. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996, inji ya riga ya fara korar jigo. Inji mai bakin inci biyu yana iya ɗaga kusan lita 600 a minti, mai inci uku kuma kusan lita 1,000.

Abubuwa uku ne suka fi kashe matoshin waɗannan injuna. Na farko shi ne tayar da inji a bushe. Dole a cika tukunyar famfo da ruwa kafin a ja igiya. Idan ba a yi ba, ko ruwan rijiya ya janye inji yana ta ƙara ba kowa kusa, 'yan mintoci sun isa su ƙona robar matoshin. Wanda ya zo ya tarar da haka, ya kwara ruwan sanyi nan take, zoben tangaran yana iya tsagewa, kamar yadda kwalbar fitila mai zafi kan fashe idan ruwa ya taɓa ta. Sai a bari ya huce tukuna.

Na biyu shi ne yashi. Gulbin Sakkwato yakan ja da baya sosai da rani, manoma su riƙa haƙa ramuka a cikin rairayi suna jefa tiyo. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen yau da kullum tauri, balle kabon. Idan ta shiga tsakanin fuskokin nan biyu sai ta zama dutsen niƙa. Saboda haka kada a cire rariyar bakin tiyo, kuma kada a bar bakin ya kwanta a ƙasa. A ɗaga shi a kan dutse, ko a sa shi cikin kwando ko tsohon bokiti.

Na uku shi ne nisa daga ruwa. Famfo ba jan ruwa yake yi ba a haƙiƙa. Rage matsin da ke cikin tiyo yake yi, nauyin iskar sararin sama kuma ya turo ruwan sama. A bakin teku wannan nauyi ba ya iya ɗaga ruwa fiye da mita 10.3, a tudu irin na Gusau kuma ya gaza haka da kusan rabin mita. A aikace ƙananan injuna ba sa wuce mita 7 zuwa 8. Duk yadda inji ya yi nisa da fuskar ruwa, haka zai daɗe yana fama kafin ya kama, ruwan da ke tukunya ya yi zafi, matoshi ya wahala. Shi ya sa manoman da suka san aiki suke haƙa rami su sauke injin kusa da ruwa idan bazara ta matso.

Roba kuma tana da nata rauni. Zafin rana yana busar da ita ta tsattsage, sanyi mai tsanani yana sa ta sandare. A ranar 28 ga Janairu, 1986, kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse jim kaɗan bayan tashinsa, mutum bakwai suka mutu, kuma bincike ya gano cewa zoben roba ne ya sandare saboda sanyi ya kasa toshe mahaɗa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Alamomin Lalacewa Da Yadda Ake Gyara

Alama ta farko ita ce ɗigo daga tsakanin tukunyar famfo da inji. Saɓanin matoshin cushe, wannan irin bai kamata a ga yana ɗiga ba. Ta biyu, inji ya daɗe bai kama ruwa ba alhali tiyo lafiya lau yake, domin iska tana shiga ta matoshin. Ta uku, wadda ta fi muni, baƙin mai ya koma launin shayi mai madara, alamar ruwa ya bi sandar ya shiga cikin inji. Daga nan boris zai yi tsatsa, gyaran da bai taka kara ya karya ba ya zama sayen sabon inji.

Wajen gyara, a kashe inji, a cire wayar fulogi, a tsiyaye ruwa. A kwance murfin tukunya da maƙunshin fanka mai siffar katantanwa, sannan a warware fankar, a adana siraran washa da ke bayanta. A mafi yawan ƙananan injuna, zoben tangaran yana zaune a bayan fanka, ɓangaren kabon da sifirin kuma a jikin tukunya. A cire duka biyun, a sake duka biyun, domin tsohuwar fuska ba ta zama daidai da sabuwa. A wanke mazauninsu tas. A shafa wa robar ruwan sabulu don ta shige, ba giris ko baƙin mai ba, saboda wata robar takan kumbura da mai. Kada a buga tangaran da guduma, kada kuma yatsa mai datti ya taɓa fuskokin. Bayan an haɗa, a juya da hannu a ji ko akwai inda ya kama, a cika ruwa, sannan a tayar. Idan man inji ya gurɓata, a sake shi. Wanda zai je sayen sabo ya tafi da tsohon, domin girma ya bambanta.

Manomi mai hangen nesa yakan ajiye sabon matoshi ɗaya tun farkon rani, a wuri mai inuwa. A watan Maris da Afrilu, tumatir da ya fara fure ba ya jure 'yan kwanaki ba ruwa, furen zuba yake yi. Tafiya birni neman kayan gyara kuma ba ta da sauƙi ga ƙauyukan da matsalar tsaro ta addaba a shekarun nan. Bugu da ƙari, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, duk mintin da inji ya yi yana ƙara ba ya ba da ruwa, kuɗi ne ke ƙonewa. Idan damina ta faɗi za a ajiye inji, a wanke tukunyar da ruwa mai tsabta, a tsiyaye ta, a rufe shi daga ƙura da rana.

Illa Ga Ruwa Da Lafiya

Lalataccen matoshi ba mai inji kaɗai yake cuta ba. Man da ya zuba daga jirgi ko daga inji yakan bazu a fuskar ruwa, ya rage shigar iskar da kifi ke shaƙa, ya kashe ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci. Gurɓataccen man da aka juye daga inji bai kamata a zubar da shi a gulbi ko kusa da rijiya ba. Ruwan da ke taruwa a gindin inji mai yoyo kuwa matattarar sauro ce, kuma a lokacin zafi ƙwan sauro yana iya zama babban sauro cikin kwana goma ko ƙasa da haka. Wanda yake yawan shiga ruwa mai kwanciya don ciro tiyo ko ɗebo ruwan cika famfo yana ƙara kusantar tsargiya, wadda tsutsarta ke fitowa daga katantanwar ruwa ta huda fata.

Gwaji Ga Ɗalibai

Malami yana iya nuna wannan darasi ba da tsada ba. A sami gwangwanin madara babba, a huda gefensa kusa da gindi daidai shigar fensir mai zagaye. A zura fensirin, a cika ruwa, a ƙidaya ɗigo a minti. Sai a naɗa zaren auduga busasshe a bakin ramin a sake ƙidaya, sannan a shafa wa zaren man kaɗe a sake. A kowane mataki ɗalibi ya murza fensirin ya faɗi yadda ya ji taurinsa. Daga nan a rage ruwan zuwa rabi, a ga yadda zurfi ke canza ɗigo. Gwaji na biyu, a sa ɗigon ruwa tsakanin gilasai biyu na madubin ƙara girma. Za a ga suna zamewa cikin sauƙi amma suna ƙin rabuwa. A busar da su, a sa ƙwayar yashi ɗaya, a sake gwadawa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa matoshin shaf aiki biyu masu karo da juna yake yi: ya bar sanda ta juya, ya hana ruwa wucewa. Yana cin nasara ne ta hanyar barin ɗan ruwa kaɗan ya ratsa domin sanyaya da santsi, kamar yadda gaɓar jiki take yi. Matuƙin jirgi ya ƙidaya ɗigo, ya taɓa ya ji zafi, ya duba tiyo. Manomi ya cika tukunya kafin ya ja igiya, ya nisanta bakin tiyo daga yashi, ya kusanto da inji ga ruwa, ya duba launin mai. Ɗalibin da ya fahimci dalilin kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai iya bayyana wa mahaifinsa a gona, kuma rigakafi dai ya fi magani.